Baba, Yesu kyakkyawa ne ko ba shi da kyan gani? Ga amsata

'Yata, na ga saƙonki tun ranar Talata, ki yi haƙuri ban amsa da wuri ba, mun je gaisuwar rasuwa ne wajen Ribah kuma kin san yadda hanya take da damina, ga netiwok sai a hankali. Abin da kika tambaya dai shi ne, yaran da kike koya wa a makarantar Lahadi sun ga hoton da ke jikin kalandar coci, wani yaro ya ce Malama ashe Yesu Bature ne, ke kuma kika koma gida kika buɗe Littafi Mai Tsarki don ki samo amsa sai kika ƙara ruɗewa, don Zabura 45:2 ta ce ya fi dukan 'yan adam kyau, Ishaya 53:2 kuma ya ce ba shi da wata siffa ko kyan gani da zai sa mu so shi. Kika ce Baba wanne za a ɗauka.

To bari mu fara da kalanda tunda ita ce mai sauƙi. Wancan hoton, mai dogon gashi kwance da siririn hanci yana kallon gefe haske na dukan goshinsa, yawanci daga zanen wani Ba'amurke ne mai suna Warner Sallman, ya zana shi a 1940 a Chicago, aka buga shi miliyoyi, aka raba wa sojojin Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, daga nan ya bi mishan da masu buga kalanda ya shiga ko'ina har ya iso bangon cocinmu nan Zuru. Sai kuma fim ɗin nan na 1979 da aka yi daga Bisharar Luka, wanda aka juya zuwa Hausa ake nunawa da majigi a ƙauyuka, mu da kanmu mun ɗauki janareto a ka mun kai shi wurare, wanda ya fito a matsayin Yesu a ciki Baturen Ingila ne. Mutane da yawa sun ji bishara ta wannan fim, ban raina shi ba, amma fuskar ta ɗan wasa ce. Kiristocin farko ma da suka fara zane ba haka suka zana shi ba, a wani tsohon gidan sujada da aka tono a Dura-Europos ƙasar Siriya, na wajen shekara ta 240, saurayi ne marar gemu, a kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Roma kuma makiyayi ne da tunkiya a kafaɗa. Ki je Habasha ki ga nasu, fuskar Habashawa ce da manyan idanu. Kowa da irin fuskar da ya sani yake zana shi. Ki gaya wa yaron cewa Yesu Bayahude ne ɗan Galili, masassaƙi ne (Markus 6:3), mutum ne da rana ta dafa, da ƙafa yake zuwa Urushalima daga Galili, tafiyar da ta fi kilomita 100, kuma babu wanda ya ɗauke shi hoto.

Abin da ya fi ba ni mamaki shekara da shekaru ina koyar da Sabon Alkawari shi ne shirun da marubutan Bishara huɗu suka yi. Ba wai Littafi ba ya siffanta mutane ba ne fa. Ya gaya mana Yusufu kyakkyawa ne har kyan ya jawo masa kurkuku. Ya ce Saul ya fi kowa tsawo daga kafaɗa zuwa sama. Ya ce Dauda ja ne mai kyawawan idanu. Absalom kuwa ba a magana, an ce daga tafin ƙafa har tsakar ka ba shi da aibi, har gashinsa ake aunawa in ya yi aski a ƙarshen shekara, shekel 200, kuma kin san yadda ya ƙare, a rataye a itace, kyan ɗan maciji ke nan. Luka bai manta ya ce Zakka gajere ne ba. An faɗi rigar Yohanna mai baftisma da ɗamararsa har da abincinsa, fara da zuma. Amma Yesu, mutanen da suka yi shekara uku suna ci a akushi ɗaya da shi, ko kalma ɗaya ba su rubuta ba a kan tsawonsa ko launinsa ko hancinsa. Kuma akwai alamar cewa in ya tsaya cikin almajiransa ba ya fita daban, don da ya fita daban Yahuza ba zai buƙaci ya ba masu kamu alama da sumba ba a Getsamani, sai ya ce wancan dogon ko wancan farin. Maryamu Magadaliya ma da asubar tashinsa ta ɗauka mai lambu ne, sai da ya kira sunanta.

Wannan gardamar taki ma tsohuwa ce, malaman ikilisiya na farko sun yi ta. Tertuliyan na Kartej, Tunisiya ta yau, ya riƙe Ishaya ya ce jikinsa ba shi da ko kyau irin na mutane. Wasu kamar Jerom suka ce a'a, dole akwai wani kwarjini a fuskarsa da idanunsa, in ba haka ba ta yaya masunta za su bar jirgi da taru su bi shi daga kira ɗaya. Agustin bishop na Hippo, a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, shi ya fi burge ni, ya ce mutane suna kwatanta fuskar Ubangiji a zuciyarsu iri-iri ba iyaka, alhali fuskar guda ɗaya ce ko wacce iri ce, kuma ceton mu bai rataya a kan mun canki kamanninta ba. Da ya zo wa'azi a kan wannan Zabura kuma sai ya jero, ya ce kyakkyawa ne a sama, kyakkyawa ne a hannun iyayensa, kyakkyawa ne cikin al'ajibansa, kyakkyawa ne a ƙarƙashin bulala, kyakkyawa ne a kan gicciye, kyakkyawa ne a kabari. Kin ga duk 'yan Afirka ne biyu daga cikinsu, ki gaya wa yaron wannan ma.

Yanzu ki koma Zabura 45 ki karanta ta duka, kada ki tsaya a rabin aya. Waƙar biki ce, ta auren sarki, kuma Ibraniyawa 1:8-9 ta ɗauko aya ta 6 da 7 ta ce da Ɗan ake, shi ya sa muke karanta ta a kan Almasihu. To da mawaƙin ya ce ka fi 'yan adam kyau, me ya biyo baya? Bai ce hancinka har baka ba, bai ce fari tas ba, irin yabon da zabiya ke yi wa ango. Cewa ya yi an zuba alheri a leɓunanka. Sai ya ce ka hau ka yi nasara saboda gaskiya da tawali'u da adalci. Sai ya ce ka ƙaunaci adalci ka ƙi mugunta. Ashe tun a can ma kyan da ake yabo a bakinsa yake da halinsa. Kuma haka aka gani, a majami'ar Nazarat mutane suka yi mamakin maganar alheri da ke fita daga bakinsa (Luka 4:22), dogaran Haikali da aka aika su kamo shi suka dawo hannu biyu, da aka ce ina yake suka ce ba mutumin da ya taɓa magana kamar wannan (Yohanna 7:46). Ki duba fa, an aiki dogari kamu ya tsaya sauraron wa'azi.

Ishaya kuma ki fara daga 52:14, nan ya ce an ɓata kamanninsa har bai yi kama da mutum ba. Wannan Bawan Ubangiji ne mai shan wuya, wanda aka raina, aka soke shi saboda laifofinmu. Fuskar da aka tofa wa yau, aka mara, aka kafa wa rawanin ƙaya.

Ni yadda nake haɗa ayoyin nan biyu, da golmo nake haɗa su, kuma ke 'yar Zuru ce ba sai na yi dogon bayani ba ko da yake ku 'yan yanzu labari kawai kuke ji. A al'adar Lelna, wato mutanenmu na ƙasar Zuru, saurayi ba ya samun mata da kuɗi ko da iya kwalliya, noma zai yi wa surukinsa, shekara bakwai, shi da abokan golmonsa, tun duku-duku suna gona. Ba ina cewa a koma wa abubuwan tsafin da ke tattare da shi ba ne, kada wani ya ɗauki maganata ya kai gaba, misali nake. Mahaifina ya yi golmo kafin ya ji bishara. Na taso na ga hannunsa, tafin kamar ƙirgi, duk kanta, yatsa ɗaya ya karkace tun wata rana da garma ta kuɓuce, ƙafarsa duk faso, in baƙo ya gan shi ba zai ce ga kyakkyawa ba. Amma wata rana ina yaro na ji wata 'yar'uwar mahaifiyata tana tsokanarta a kan hannun, sai mahaifiyata ta ce, ke dai yi shiru, wannan hannun saboda ni ya zama haka. Ba ta ƙara komai ba ta ci gaba da tankaɗe. Na yi shekaru kafin na gane cewa a wannan ranar aka koya mini Ishaya 53. Mai wucewa a hanya ya ga hannun ya ce ba kyan gani, kuma bai yi ƙarya ba. Amarya ta ga hannun ta ce ya fi na kowa, ita ma ba ta yi ƙarya ba. Ishaya yana faɗin abin da masu wucewa suka gani, shi ya sa ya ce "mu" ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, muka ɗauka Allah ne ya buge shi, sai daga baya ido ya buɗe aka ce ashe cututtukanmu ya ɗauka. Zabura kuma waƙar ɗakin amarya ce. Bulus ya ce Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya ya ba da kansa dominta (Afisawa 5:25), to wannan shi ne golmon, sai dai shi ba gona ya nome ba, kuma amaryar da ya yi wa ba wata ta a zo a gani ba ce, mu ne.

Akwai wani ɗan abu da nake son nuna wa ɗalibai a nan. Zabura 45:8 ta ce tufafin angon suna ƙanshin mur da al'ul. Ki buɗe Yohanna 19:39, Nikodimu ya zo da dare ya yi kusa, ɗauke da mur da al'ul gauraye, abin da ya haura kilo 30, suka naɗe gawarsa da shi. Turaren angon ke nan, a likkafani aka shafa masa.

Hausa ma ta taimake mu a wannan wuri fiye da Turanci. Mu kalma ɗaya muke da ita, kyau, mu ce yarinya mai kyau, mu ce hali mai kyau, mu ce ka kyauta. Helenanci da aka rubuta Sabon Alkawari da shi yana da irin wannan kalmar, kalos, kuma ita ce a Yohanna 10:11 inda ya ce shi ne makiyayi mai kyau. Ba wai mai kirki kawai ba, mai kyau, irin wanda in ka ga yadda yake kiwo sai ka tsaya kallo. Kuma nan take ya faɗi inda kyan yake, makiyayi mai kyau yakan ba da ransa domin tumaki, ɗan ƙodago kuwa in ya hango kyarkeci sai ya cika wandonsa da iska. Mu da muke zaune da Fulani mun san bambancin mai shanu da yaron haya, ba sai an gaya mana ba.

To halin nasa fa, tunda can ne maganar take. In na ce zan jero ba za mu gama ba, kuma ba na son irin jerin nan na mai ƙauna ne, mai haƙuri ne, mai jinƙai ne, a yi amin a tashi ba wanda ya ga komai. Gara ki ɗauki labari ɗaya ki zauna a kansa ki kalli hannunsa da bakinsa.

Ki ɗauki kuturun Markus 1:40-41. Bisa ga Littafin Firistoci 13 kuturu zai yage tufafinsa, ya rufe bakinsa, ya riƙa kira marar tsarki, marar tsarki, ya zauna bayan gari shi kaɗai. Mu da muka ga zamanin da ake kai kutare Amanawa can kusa da Sakkwato mun san abin, har ƙwaryar shan ruwansu daban ce, in za a ba su sadaka daga nesa ake jefawa. Mutumin nan ya durƙusa ya ce in ka yarda kana iya tsarkake ni. Bai yi shakkar ikon ba, yardar yake shakka, don duniya ta koya masa cewa masu iko ba sa yarda. Yesu yana iya warkar da shi da magana daga nesa, ya yi haka ga bawan jarumin Roma bai ko je gidan ba. Amma ya miƙa hannu ya taɓa shi tukuna, sannan ya ce na yarda. Wa ya san shekara nawa rabon da wani ya taɓa mutumin nan. Ni a wurina taɓawar ta fi warkarwar nuna ko shi wane ne.

Ko Markus 5, wannan sura ina sonta ƙwarai. Yayirus shugaban majami'a, babban mutum, 'yarsa mai shekara 12 tana bakin mutuwa, ana sauri, sai ga mace mai zubar jini shekara 12, ta ƙarar da duk abin da take da shi wajen masu magani abin sai gaba yake, ba ta da suna a labarin ma, ta lallaɓo ta baya ta taɓa rigarsa don ta gudu ba wanda ya sani. Da mu ne, to ta warke ai, a wuce, babban mutum na jira. Shi kuwa ya tsaya cak, ya sa babban mutum jira, har ta fito tana rawar jiki ta faɗi gaskiya duka, ya saurara, sannan ya ce mata ɗiyata. A gaban taron da ke ƙyamarta ya ba ta dangi. Sannan ya je gidan Yayirus an riga an fara kuka, ya kama hannun yarinyar ya ce Talita kumi, yarinya tashi, kowa ya ruɗe ana mamaki, shi kuma me ya ce? Ku ba ta abinci. Wanda ya ta da matacce yanzun nan shi ne kaɗai a ɗakin da ya tuna cewa yarinya ta kwana biyu ba ta sa komai a ciki ba. In na karanta wannan wurin har yau sai na ajiye littafin na ɗan yi shiru.

Amma kada ki koya wa yaran Yesu mai sanyi kamar kunun da ya kwana, wannan ma wani hoton kalanda ne. Mutumin nan ya tufka bulala da igiya ya kori 'yan canji daga Haikali ya kifar da teburansu (Yohanna 2:15). Ya kalli malaman Attaura da Farisiyawa ido cikin ido ya ce da su kaburbura da aka shafa wa farar ƙasa, waje fes ciki ƙasusuwa (Matiyu 23:27). Ya kira Hirudus dila. Ya husata da almajiransa da suka kori yara. Sai dai ki lura da abin da ke ba shi haushi, ki gwada da namu. Mu in aka taɓa mutuncinmu ne muke tashi, in aka zalunci wani kuwa sai mu ce ba ruwanmu, Allah ya kyauta. Shi akasin haka ne, an ce masa mai aljani, an ce mashayi, an tofa masa yau, bai rama ba, a gaban Bilatus har gwamnan ya yi mamakin shirunsa, amma a hana mai shanyayyen hannu warkewa don ranar Asabar ce, sai Markus 3:5 ta ce ya dube su da fushi yana baƙin ciki da taurin zuciyarsu. A gidan sarauta da gidan soja na san masu kwarjini da ba a iya zuwa kusa da su, na kuma san masu sauƙin kai da ba sa iya tsawata wa ko akuya. Wanda yara ke hawa cinyarsa kuma guguwa ta ji tsawarsa ta kwanta, shi kaɗai na sani. A Ru'ya ta Yohanna 5 an ce wa Yohanna ga Zaki na kabilar Yahuza, ya waiwaya ya duba, sai ya ga Ɗan Rago kamar an yanka. Sunan zaki aka kira, rago ya gani, kuma duk shi ne.

Sau ɗaya tak ya faɗi yadda zuciyarsa take da bakinsa, a Matiyu 11:29, ya ce shi mai tawali'u ne marar girman kai. Kuma ba a baki ya tsaya ba. Yohanna 13 ta ce da ya san Uba ya sa komai a hannunsa, ya san daga wurin Allah ya fito kuma wurin Allah za shi, sai ya tashi ya tuɓe mayafinsa ya yi ɗamara da tawul ya zuba ruwa a daro. Aikin bawa ne wannan, ƙafafun mutanen da suka wuni cikin ƙura da kashin jakuna. Kuma Yahuza yana nan lokacin, bai fita ba tukuna, ƙafar da za ta je ta kira masu kamu ita ma an wanke ta an goge. Ina faɗa wa fastoci matasa wannan kullum, musamman yanzu da wasunmu sai an riƙe musu jaka da Littafi da waya kafin su taka daga mota zuwa bagade, ni kaina ba na cire kaina, girma yana da daɗi. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, shi kuma a daren nan ya ce wa Filibus wanda ya gan ni ya ga Uban. Wato in kina son ki san yadda Allah yake, ki kalli wanda ke durƙushe da daro.

Sai yadda yake yi da wanda ya ci amanarsa, nan ne ni nake zuwa in na ga kaina ba daidai ba. Bitrus ya yi musu sau uku ya ce bai san shi ba, yana jin ɗumi a bakin wutar gawayi a gidan babban firist. Luka 22:61 ta ce Ubangiji ya juya ya dubi Bitrus. Ba a gaya mana launin idon ba, an dai gaya mana abin da kallon ya yi, Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi. Bayan tashinsa kuma, a bakin tekun Tibariya, sun kwana suna su ba su kama komai ba, suka fito suka tarar ya hura wuta ya ɗora kifi ga gurasa. Kalmar wutar gawayi sau biyu kaɗai ta fito a Sabon Alkawari, Yohanna 18:18 wurin musun, da 21:9 wurin karin kumallon. Ya mai da shi bakin irin wutar da ya faɗi, amma sai da ya ciyar da shi tukuna, kuma bai ce masa me ya sa ka yi mini haka ba, bai ce ai na gaya maka ba. Kana ƙaunata, sau uku, sannan ya damƙa masa tumakinsa. Mu a coci in mutum ya faɗi, ko ya tuba ya gama horo an mai da shi, shekara goma ana nuna shi da baki.

Na san abin da zai zo ranki, don ya zo raina. A 'yan shekarun nan da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka a Danko-Wasagu da Sakaba, muka ga mutanenmu da maƙwabtanmu Musulmi duk sun kwararo gari da tabarma a ka, wata mata da aka kashe mijinta a gona ta tambaye ni bayan sujada, Baba shi wannan da ya ce Uba ka gafarta musu, ya san irin wannan kuwa? Ban yi mata dogon wa'azi ba, ba lokacinsa ba ne. Na ce mata lokacin da ya faɗi haka ƙusoshi na hannunsa, mahaifiyarsa na tsaye tana kallo, sojoji na caca a kan rigarsa. Ba daga kan kujera ya faɗa ba. Kuma a cikin wannan azabar ya nemo wa mahaifiyarsa wanda zai riƙe ta, ya kuma amsa wa ɓarawon da ke gefensa. Ba ta ce komai ba, ta gyara goyonta ta tafi. Har yanzu tana zuwa sujada, ban tambaye ta ko ta gafarta ba, ba ni ne zan sa mata rana ba.

Ɗaukakarsa kuwa tana nan, kada ki ce na manta. A kan dutse ya sāke kama, tufafinsa suka yi fari fat irin wanda ba mai wanki a duniya da zai iya (Markus 9:3), a tsibirin Batmos Yohanna ya gan shi idanunsa kamar harshen wuta, fuskarsa kamar rana tsaka, har ya faɗi kamar matacce, shi da ya taɓa jingina a ƙirjinsa. Amma ko a jikin tashin bai goge tabon ba. Da tabon ya gabatar da kansa, ya nuna musu hannuwansa da kuiɓinsa, ya ce wa Toma kawo yatsanka nan. Ku da kuke sa filta a waya don ku ɓoye ɗan ƙurji, wasu har da man bilicin, ki duba wanda yake da ikon ya fito sumul ya zaɓi ya riƙe hannun golmonsa.

Game da kalandar, ni ba zan ce ki yage ta ba, kada ki jawo rigima da dattawa a kan takarda, amma ki gaya wa yaran gaskiya cewa zanen wani ne, kuma in sun ga abokansu Musulmi suna mamakin yadda muke rataye hoton Annabi Isa, su ce musu mu ma ba mu ce fuskarsa ke nan ba. Ranar Lahadi mai zuwa ki karanta musu Markus 5 daga aya ta 21 zuwa ƙarshe, a hankali, da Hausa, in akwai waɗanda yarenmu C'lela ya fi zama musu ki juya musu, sannan ki raba musu takarda da fensir ki ce kowa ya zana abin da hannun Yesu ya yi a labarin, ban da fuska. Na taɓa gwada wannan da 'yan aji ɗaya, wata yarinya ta zana kwanon tuwo kawai. Ki ajiye mini nasu, zan shigo gari ranar kasuwa in Allah ya yarda, ki gaida babanki da jiki.